Kano zuwa Maiduguri minti 50 ne a sama, ni awa 30 na yi a hanya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu yawan ƙorafi. Dan Allah ka ɗan sam min fili a wannan jarida tamu in amayar da abun da yake cina tun hunturun da ya wuce, don wallahi na gaji da ba da labarin nan a bakin shago ana min dariya, gara in rubuta shi sau ɗaya kowa ya karanta, ƙila a cikin masu karatu a dace da wanda muryarsa take kaiwa inda tawa bata kaiwa.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da yadi nake saidawa shekara da shekaru. Akwai ɗan ƙanina marigayi da na riƙe tun yana firamare, Allah ya haɗa shi da yarinya a Maiduguri lokacin da yake karatu a can, magana ta yi ƙarfi har aka sa ɗaurin aure ranar Asabar ƙarfe 11 na safe, kuma ni ne waliyyin ango, ni zan karɓi auren. Toh ni kuma ina da ciwon ƙugu da ya daɗe yana damuna, in na yi awa uku a zaune sai an kama ni nake miƙewa. Yaron nan ya zo ya durƙusa yace Baffa kai kam ba za ka iya zaman motar nan ba, ka hau jirgi kawai mu mu taho a mota. Ya ciro waya ya danna ya nuna min, yace kalli nan Baffa, ko awa ɗaya ba ka cikawa, kafin mu kai Azare ka sauka ka yi wanka ka huta. Na kalli taswirar nan na ga ɗan layi miƙaƙƙe kaman an ja zare daga Kano zuwa Maiduguri, nace shikenan an gama magana.

Bari in tsaya a kan lissafin nan tukuna don shi ya yaudare ni, kuma abun haushin ba ƙarya wayar ta yi ba. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Maiduguri, wanda a 2023 aka sa masa sunan Muhammadu Buhari, in ka auna a miƙe kilomita 500 ne ko ƙasa da haka da 'yan kaɗan, kuma kusan gabas sak kake fuskanta kaman mai kallon alƙibla. Jirgi irin Boeing 737 in ya gama hawa ya daidaita yana cin kilomita 800 a awa ɗaya har da ɗoriya, in ka raba sai ka samu minti 37 ko 38. Amma jirgi ba da wannan gudun yake tashi ba, sai ya hau a hankali, ya yi ɗan tafiya a can sama, ya fara saukowa tun da nisa, ya yi kwana ya saitu da titin sauka, shi yasa gaskiyar zaman da za ka yi a sama wajen minti 50 ne. Su kuma kamfanoni in za su rubuta a tikiti suna haɗawa da rarrafen da jirgi yake yi a ƙasa tun daga rufe ƙofa har a sake buɗe ta a can, sai ka ga an sa awa 1. Ko jirgi mai farfela ne, wanda gudunsa bai wuce kilomita 500 a awa ba, awa ɗaya da kwata ya ishe shi. Duk wannan daidai ne, ba wanda zai yi musu.

Abun da wayar bata faɗa min ba shi ne, shin akwai jirgin da zai bi wannan zaren a ranar da nake buƙata? Da muka je yankan tikiti yaron da ke kan kwamfuta ya dudduba yace Alhaji ranar Juma'a babu mai zuwa kai tsaye, sai dai ka bi ta Abuja, da safe ka tashi daga nan, da rana ka kama na Maiduguri, kuma kamfani biyu ne daban daban don haka tikiti biyu za ka yanka. Na yi jim, sai na tuna ƙuguna, na biya. Kuɗin da na zube a gurin nan wallahi ya isa ya kai mutum goma Maiduguri a mota har su ci abinci a hanya.

Malam Edita ka duba wannan. Kano zuwa Abuja a sama wajen kilomita 360 ne, Abuja zuwa Maiduguri kuma wajen 710, in ka haɗa ka haura kilomita dubu, wato ninkin tafiyar ka biyu har da ƙari. Kaman ace za ka Wudil a ce maka dole sai ka fara biyawa ta Kura. Amma duk da haka nace ba komai, minti 50 nan, awa ɗaya da 'yan mintuna can, ai dai kafin la'asar ina Maiduguri.

Ranar Juma'a 'yan rakiyar ango suka cika bas biyu, ana idar da asuba suka ɗau hanya, ƙarfe 6 sun wuce Mariri. Ni kuma ƙarfe 6 da rabi na fito daga gida da babbar rigata a rataye cikin leda, maiɗakina har tana tsokanata wai manyan ƙasa sai jirgi. Jirgin ƙarfe 8 da rabi bai tashi ba sai wajen 10, wannan ko a jikina don na saba jin labari. Na sauka Abuja, na tsaya jiran jaka, na ɗauka na zagaya na sake bin layi a kantar ɗaya kamfanin, aka auna jaka aka bani katin shiga, na yi Juma'a na dawo na zauna. Duk wannan lokacin wayata sai ƙara take, yaran nan sun buɗe guruf a WhatsApp suna ta turo hotuna, ga mu a gadar Wudil, ga mu a Shuwarin, ga mu a Azare muna shan shayi da wainar ƙwai, ga mu a Potiskum, ga mu mun yi Juma'a a Damaturu. Wani ɗan banza a cikinsu sai cewa yake Baffa ka sauka? Baffa ka ajiye mana danderu kar ka cinye. Ni kuma ina amsawa da gadara, nace ku dai ku taho a hankali.

Ƙarfe 1 da rabi ya kamata mu tashi. Aka ce sai 3. Ƙarfe 3 ta yi aka ce a ƙara haƙuri sai 4 da rabi, wai hazo ya rufe Maiduguri. Wajen ƙarfe 5 wata yarinya ta ɗau abun magana ta faɗa da Turanci cikin sauri kaman ana korar ta cewa an soke tashin sai gobe da safe, kafin mutane su taso mata ta shige ciki. A daidai wannan lokacin hoton da ya shigo wayata na yaran nan ne zaune a kan darduma a gidan surukai, an jere musu manyan farantai, hayaƙin turaren wuta har a hoton kana ganinsa.

A nan ne wani abu ya faɗo min a rai wanda har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Da safe ina kwance a ɗakina tsakanina da Maiduguri kilomita 500 ne. Da yamma bayan na biya maƙudan kuɗi na hau jirgi na sauka, tsakanina da Maiduguri ya koma kilomita 710 a sama, a mota kuwa ya haura 800. Wato kuɗi na biya aka ƙara nisanta ni da inda zani. Da ace jirgin kai tsaye ne daga Kano aka soke shi, ai sai in fito in tari adaidaita sahu in tafi tasha, ko in ɗau shatar mota in kwana a Potiskum ko Damaturu da sassafe in ƙarasa, ko a ƙalla in koma gida in kwana a gadona. Amma ga ni a garin da ba shi na nufa ba, ba ni ga tsuntsu ba ni ga tarko. Na kama ɗaki a wani ɗan otal a Lugbe da kuɗin aljihuna, na kwana ina juyi, ƙugun da ake gudun ya yi ciwo a mota kujerar ƙarfe ta filin jirgi ta gama da shi.

Washegari jirgin safe bai ɗaga ba sai da rana ta take hazon ya ɗan washe, muka sauka wajen 12, kafin in samu jaka in hau mota in isa ƙofar gidan 12 da rabi ta gota, na tarar ana naɗe tabarmi, ko alawa ban samu ba. Wani ƙanin mahaifiyar yaron ne ya karɓi auren a madadina. Awa 30 cif daga ƙofar gidana zuwa ƙofar gidan surukai, su kuma na mota awa 10 da ɗan wani abu har da tsayawa cin abinci da sallah da shingayen sojoji. Dattijon gidan mutumin kirki, ya riƙe hannuna yana ta bani haƙuri kaman shi ya yi min laifi, amma abokan wasa kam ba su raga min ba, har yau in na shiga layinmu a kasuwa sai wani ya ɗaga murya yace a matsa ga matuƙin jirgi nan.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ban ga laifin matuƙin da ya ƙi tashi cikin hazo ba, gara a makara da a rasa rai, wannan ko yaro ya sani. Ƙurar nan da muke gani duk hunturu mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake ce wa Bodele, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta, kuma Maiduguri tana cikin garuruwan da take fara rufewa kafin ta iso mana Kano. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet ma tana fitar da gargaɗi a kai. Matuƙi in bai hango titi daga nisan da doka ta ce ba, ba shi da ikon sauka, sai in filin yana da na'urar saukar da jirgi mai ƙarfi irin wadda aka sa a Legas da Abuja, kuma jirgin da matuƙin su ma sai an tantance su a kanta. Toh amma abun tambaya, hazon nan baƙo ne? Tun kakanninmu duk shekara sai ya zo daga Disamba zuwa Fabrairu, ya kamata ace filayen da suka fi shan ƙura su aka fara wadatawa da irin waɗannan na'urori. Wannan ɗaya kenan, amma ba ita ce babbar damuwata ba.

Babbar damuwata ita ce yadda aka wayi gari garuruwan arewa ba sa gaisawa da juna ta sama sai ta hannun Abuja. Mutumin Sakkwato in zai je Maiduguri sai Abuja, mutumin Yola in zai zo Kano yawanci sai Abuja, kowa sai ya je ya yi gaisuwa a fada kafin a sallame shi ya tafi gidan maƙwabcinsa. Kuma abun da zai ba ka mamaki wannan layin na Kano da Maiduguri da yau ake nemansa kaman ruwa a jallo yana cikin hanyoyin jirgin sama mafi tsufa a ƙasar nan kaf. A watan Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka sauka a Kano, daga Masar suka taso suka ratso Sudan da Chadi, wato ta gabas jirgi ya fara shigo mana, ba ta Legas ba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Khartoum zuwa Kano, yana yada zango a El Fasher da Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, sannan Maiduguri, sannan Kano, daga baya ne ma aka ja layin ya kai Legas. Lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta Kano da Maiduguri suke bi su wuce Sudan zuwa Masar. Kai kafin jirgin ma, ai ita ce hanyar da alhazan da suke bi a ƙasa, Kano, Borno, Chadi, Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu su zauna can gaba ɗaya, Hausawan Sudan na yau da yawansu jikokinsu ne. Abuja kuwa a lokacin ko a mafarki babu ita a matsayin babban birni.

Mu da muka ɗan kwana biyu a duniya mun ga zamanin Nigeria Airways da ƙananan jiragenta Fokker, suna tsalle daga gari zuwa gari, Kaduna, Kano, Jos, Yola, Maiduguri, Sakkwato, a sauke wasu a ɗebi wasu kaman motar haya. Bance komai nata daidai ba ne, ita ma ta sha zagi a lokacinta har ta durƙushe a 2003, amma dai tunanin da aka gina ta a kai shi ne a haɗa garuruwa da juna. Mun ga Kabo Air ta marigayi Ɗankabo da gidanta yake nan Kano, mun ga Chanchangi, mun ga IRS, yanzu ga Max Air ga Rano Air, duk na 'yan arewa ne, ba za a ce ba mu da masu kuɗi ko masu zuciyar shiga harkar ba.

A daren da na kwana Abuja Allah ya haɗa ni da wani dattijo da aka soke mana jirgi tare, yace ya yi shekaru yana aiki a harkar jirage kafin ya yi ritaya, muna shan shayi a bakin otal na sauke masa duk haushina. Ya bari sai da na gama sannan yace Alhaji kai ɗan kasuwa ne, za ka buɗe shago a layin da ba ka da tabbacin ciniki? Yace jirgi mai kujera 140 in ya tashi da mutum 40 asara ce tsagwaronta, kuma gajeriyar tafiya ta fi cin kuɗi a kan kowace kilomita, don wajen tashi da hawa ne inji yake shan mai kaman ba gobe, kafin ya daidaita ya fara sauƙi an fara saukowa. Sannan duk tashi da sauka ɗaya ana ƙirga shi, taya da birki da inji duk da wannan ƙirgen ake duba su a canza, ko tafiyar minti 40 ka yi ko ta awa 4. Kayan gyara da dala, inshora da dala, hayar jirgin da dala, babban gyara sai an kai waje, tikiti kuma da naira ake saya. Ya tuna min 2022 lokacin da man jirgi ya tashi daga wajen naira 190 lita ya kai 700 cikin 'yan watanni har kamfanoni suka yi barazanar ajiye aiki. Yace toh a irin wannan hali kowa inda yake da tabbacin cika jirgi zai nufa, kuma fasinjan da ba ya fashi shi ne na Abuja, jami'an gwamnati, 'yan siyasa, 'yan kwangila, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka cika Maiduguri, waɗanda yawancinsu ma ba daga aljihunsu suke biya ba.

Na yarda da maganarsa rabi. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne wai babu fasinja tsakanin Kano da Maiduguri. Haba Malam! Duk wanda yake Kwari ya san kwastomominmu na Borno, 'yan Monday Market da ko gobarar 2023 bata hana su dawowa sari ba, da waɗanda suke ɗaukar kaya su wuce da shi Gamboru Ngala su tsallaka Kamaru da Chadi. Ga masu zuwa Dawanau, ga 'yan Singa, ga marasa lafiya da ake turowa tsakanin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Maiduguri, ga malamai da ɗaliban BUK da na jami'ar Maiduguri, ga masu Umara da masu fita waje da jirginsu daga Kano yake tashi, ga auratayya irin tamu da ba ta ƙirguwa. Ka je tasha da asuba ka ƙirga motocin da suke ɗagawa. Ba duka ne za su iya kuɗin jirgi ba, na sani, amma a ce a cikinsu ba za a samu mutum 50 a rana ba, ko sau uku a sati? Ai ba a gane kasuwa sai an baza kaya, kuma ba a baza na sati biyu a naɗe a ce babu ciniki, mutum sai ya tabbata jirgin nan yana nan duk Litinin da Laraba da Juma'a ba fashi kafin ya fara tsara harkarsa a kai.

Kuma ai ba dole sai ƙaton jirgi ba. Akwai Embraer mai kujera 50, akwai ATR 72 mai farfela da yake ɗaukar mutum wajen 70, wanda aka ƙera shi musamman saboda irin wannan gajeriyar tafiyar kuma man da yake sha bai kai na jet ba ko kusa. Matsalar mu ma muna da namu laifin, mutuminmu in ya hango farfela sai ya fara salati wai tsohon jirgi ne, alhali wani mai farfelar ya fi jet ɗin da yake yabo sabunta nesa ba kusa ba. Habasha da kamfaninsu ya fi na kowa ƙarfi a Afirka, da masu farfela suke haɗa garuruwansu na cikin gida irin su Gondar da Lalibela da Bahir Dar. Bambancin minti 20 ne ko 25 tsakaninsa da jet a tafiyar Maiduguri, ni da na yi awa 30 wa zai min maganar minti 25?

Sai gwamnoninmu, Allah ya ba su haƙuri zan ɗan taɓa su. Kowa ya hau sai ya gina filin jirgi. Dutse ta samu nata a 2014 zamanin Sule Lamido, Bauchi tana da sabo, Birnin Kebbi tana da shi, Gombe tana da shi, Damaturu ma an buɗe nata a 2023. Madalla, ba na hassada. Amma duk filayen nan fuskarsu Abuja take kallo, in an gama jigilar alhazai wasu sai ka ga kaman an yi shara. Gini ake so saboda shi ake yanke ƙyalle a ɗau hoto, shi kuwa jirgin da zai riƙa sauka ba wanda yake sa wa suna. Da kuɗin da ake kashewa a fili ɗaya aka ware kaɗan daga ciki, jihohi huɗu ko biyar suka haɗa hannu suka ce wa kamfani ga yarjejeniya, ka riƙa yin Sakkwato, Kano, Maiduguri, Yola ka dawo, kujerun da ba su cika ba har zuwa kaza mu za mu biya na shekara ɗaya ko biyu kafin layin ya tsaya da ƙafarsa, da tuni an wuce gurin. Ba sabon abu ba ne, ana yin irin wannan don a samu jirgin Abuja ya riƙa sauka a jiha, me zai hana a yi don maƙwabta? Gwamnonin arewa maso gabas sun yi maganar kafa jirgin yankinsu a tarukansu, ina roƙon in abun ya tabbata kar a manta da Kano a lissafi, don nan ce kasuwar mutanensu.

Na san wani zai karanta yace wannan damuwar masu kuɗi ce, talaka ina ruwansa da jirgi, a gyara mana hanya kawai. Ban ƙi ba wallahi, ni ma ɗan mota ne, wannan ne hawana jirgi na farko a cikin gida in ka cire aikin Hajji. Titin Kano zuwa Maiduguri tun 2006 aka ba da aikin raba shi biyu, an sha shekaru ana abu ɗaya, yanzu dai Alhamdulillahi wurare da yawa sun yi kyau shi yasa yaran nan suka riga ni. Amma kowa ya san dalilin da yasa ake sammako, kilomita 130 da ɗan wani abu na ƙarshe daga Damaturu, ta Benisheikh da Mainok da Jakana, ba wanda yake so yamma ta yi masa a nan. Ba mu manta da Auno ba a Fabrairun 2020, matafiya da suka tarar an rufe hanyar shiga gari suka kwana a motocinsu, aka zo cikin dare aka kashe mutum a ƙalla 30, Allah ya jiƙansu. Jirgin ƙasa da ya isa Maiduguri tun 1964 shi ma ya daɗe da daina zuwa. Garin da hanyarsa take da lokacin rufewa, dogonsa ya mutu, filin jirginsa ma sai da ya yi sama da shekara a rufe bayan harin Disambar 2013, a ce jirgin ma sai ta ƙofa ɗaya zai riƙa zuwa masa? Mai mara lafiya a kwance da likita yace a kai shi Kano yau, ba mai kuɗi ba ne dole, wani gona zai sayar.

Kafin a kai ga wancan babban gyaran akwai ƙananan da ba sa buƙatar biliyan. Kamfanoninmu su riƙa yarda da tikitin juna, in dole sai na bi ta Abuja a yanka min tikiti ɗaya, jakata ta wuce kai tsaye, in na farko ya makara na biyu ya san da zamana. Yanzu in na farko ya ɓata maka lokaci ka rasa na biyu, kowa sai ya ɗaga kafaɗa yace ba ruwansa, kuɗinka ya bi ruwa. Sannan in sun san hazo ya rufe gari tun safe su faɗa wa mutum gaskiya tun yana Kano kafin ya hau, ba sai sun kai shi tsakiyar hanya ba. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama tana da doka a kan jinkiri, bayan awa biyu a ba fasinja abun taɓawa, in ya kai awa uku yana da ikon a mayar masa da kuɗinsa, amma mu nawa ne muka san da ita? Ni dai ranar ko ruwan leda ban gani ba, sai daga baya dattijon nan yake faɗa min.

Ku kuma 'yan jarida dan Allah Malam Edita ka tura yaronka ɗaya ya zauna da masu kamfanonin nan da kwamishinonin sufuri na Kano da Borno ya tambaye su a fili, mutum nawa suke buƙata a jirgi kafin layin nan ya riƙe kansa, kuma me ya hana a gwada na tsawon lokaci. Ku buga mana amsar da Hausa yadda 'yan kasuwa za su gane, in lissafi ne mu ma mun iya, ƙila ma ƙungiyoyin kasuwa su ɗau wasu kujerun.

Amarya dai Alhamdulillahi tana nan lafiya, har an maida ita gida Maiduguri goyon ciki, wata mai kamawa muke sa ran suna in Allah ya sauke ta lafiya. Angon ya sake zuwa jiya da wayarsa a hannu zai fara min lissafin kilomita, nace ɗana maida wayarka aljihu. Na riga na yi magana da direba, na biya kuɗin kujera biyu a gidan gaba, maiɗakina ta ɗinka min ɗan matashi na sawa a ƙugu, ana sallame asuba za mu ɗaga.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku a kullum,
daga Kantin Kwari, Kano.